Kurege Mai Gadin Kitson Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne da masu gyangyaɗi.

"Ta zo mu ji ta, Goggo!"

To, ta zo. Ke Hansai, ɗauko ɗankwalin nan da kika yar a bakin ƙofa, ki matso kusa da wuta, don da ke nake. Shekaranjiya aka yi miki kitso, yau kanki ya tashi buzu-buzu saboda kwana ba ɗauri. Zauna ki ji.

Wai a zamanin da, Kura ba haka take ba. Muni kam tana da shi tun a lokacin, ga wari, ga mugun hali. Amma gashi ne da ita har gadon baya, baƙi wuluk, sai sheƙi yake. Duk dajin ba mai irinsa, ita ma ta san haka. Ka zage ta, sai ta yi dariya ta wuce. Ka taɓa mata gashi, sai dai 'yan'uwanka su zo tsintar ƙasusuwa.

Ana nan ana nan, sai aka sa bikin 'yar ƙanwarta. Da yamma za a yi wasa a dandali, matan daji kaf za su hallara. Kura ta ce yau sai kowace mace ta koma gida da baƙin ciki. Tun da sassafe ta kira Zabuwa, makitsiyar garin, wadda kanta ko sili babu amma hannunta ya iya aiki. Ta ce doka take so. Ku yaran yanzu ba ku san doka ba. Kitson matan da ne: a dunƙule ƙyalle a ɗora a tsakiyar kai, a jawo gashi ta kowane gefe a rufe shi ruf, a kitse, ya tashi kamar tozon sa. Kura ta miƙa wa Zabuwa ƙyallen saƙi sabo dal na cusawa, ta ajiye mata ƙwarya cike da man shanu, ta sunkuyar da kai.

Shi kuwa Kurege yana can bakin raminsa yana shan hantsi, sai iska ta kawo masa ƙanshin man shanu. Kurege, kun san shi: ɗan mitsitsi, ido ƙwala-ƙwala, wutsiya ta fi shi girma, cikinsa kuma ya fi wutsiyar. Hancinsa ya tashi, shi ma ya tashi. Hanci ya yi gaba, ya bi shi. Da ya ga inda hancin ya nufa, sai ƙafafunsa suka ce a koma. Cikinsa ya ce a'a. Aka yi gardama, ciki ya yi nasara.

Ya laɓe a gindin danga, ya tarar an gama kitso. Doka ta tsaya cak a kan Kura, mai yana naso har gefen kunne. Zabuwa tana share hannu tana cewa, "Yaya, kitso ya yi, saura barci. Barci shi ke kashe kitso. In za ki kwanta ki ɗaura kallabi. Ki kwantar da taɓarya ki ɗora wuyanki a kai, kan ya tsaya a iska. Kuma don Allah kada ki yi juyi."

"Kallabi?" in ji Kura. "In rufe wannan? Ya danne mini ita ta koma kamar waina? Tafi, tafi. Bayan azahar ki dawo ki ƙara mini mai."

Kura ta taka wa Zabuwa zuwa bakin hanya tana hamma, don jiya ta kwana yawo kamar yadda ta saba. Kurege ya ga ƙwarya ita kaɗai a bakin ɗaki. Ya ce a ransa, "Lasa ɗaya kawai." Ya lasa. Ya ce, "Wannan ai ba ta shiga ba." Ya ƙara. Ya ƙara. Kansa yana cikin ƙwarya, sai ya ji an damƙi wutsiyarsa caraf, an ɗaga shi sama.

"Sannu da zuwa, kalaci," in ji Kura.

Kurege ya ga haƙora, ya ga maƙogwaro ja wur. Amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Goggo Kura, barka da kwalliya! Ni fa ba sata na zo ba, gadi na zo."

"Gadin me, da bakinka dumu-dumu da mai?"

"Ɗanɗanawa na yi, in ji ko an zuba miki wani abu. Kin san matan garin nan da hassada. Lafiya lau yake, na tabbatar, har sau da yawa na tabbatar." Ya haɗiyi yawu. "Ki cinye ni, Goggo, ba komai, loma ɗaya ce. Amma in kin ci za ki ji barci. In kin yi barci za ki yi juyi. Kowa ya san barcinki, ki kwanta kai gabas ki tashi kai yamma. Ga tururuwa, ga ɓeraye, duk sun ji ƙanshin nan. Wa zai riƙe miki kai? Wa zai kore su?"

Kura ta ɗaga hannu ta shafa dokarta a hankali. Ta dubi Kurege, ta dubi taɓarya.

Sai ta shige ɗaki da shi, ta tura ƙyaure, ta mirgino ƙaton turmi ta danne. Ta ɗauki ƙwaryar mai ta ɗora can sama a kan ragaya, igiyar nan da ke saukowa daga rufin ɗaki ana rataye ƙore. Sannan ta dire Kurege a ƙasa, ta kawo hancinta daidai nasa.

"Ka ji da kyau. Sili ɗaya ya taɓa ƙasa, kai ne kalacina."

"Sili ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba, Goggo."

Ta kwanta, ta ɗora wuya a kan taɓarya, kai yana reto a iska. Kafin Kurege ya gyara zama ta fara minshari.

Abin da ya fara yi shi ne neman hanyar fita. Ya gwada ƙasa, daɓe ne mai tauri, farcensa ko alama bai yi ba. Ya gwada bango, an shafe shi sumul, ya hau ya zamo, ya hau ya zamo. Ya tura turmi, turmi bai san ana yi ba. Ya ɗaga kai, can a ƙololuwar jinka inda aka ɗaure ragaya ya hango 'yar kafa, rana tana leƙowa. Ya yi tsalle don ya kamo gindin ragayar, ko rabi bai kai ba. Sai ya dawo ya zauna kusa da kan Kura.

Gadi kam ya yi shi da farko, kada in ci haƙƙinsa. Tururuwa suka jero layi, ya share su da wutsiya. Ƙuda ya sauka, ya kore shi. Kura ta fara juyawa hagu, ya ruga ya tokare mata kumatu da kafaɗa har ta koma. Ta fara juyawa dama, ya zagaya da gudu ya tokare. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Rana ta take, ɗaki ya ɗauki zafi, man da ke kan Kura ya fara narkewa. Ɗigo ɗaya ya gangaro ta ƙeya, ya tsaya a bakin gashi, yana shirin faɗuwa.

Kurege ya ce, "Wannan ɗigon in ya faɗi ai asara ce. Lasa ɗaya kawai."

Ya lasa. Wani ya gangaro, ya lasa. Da suka daina gangarowa, sai ya bi sawunsu ya hau. Yana lasa yana hawa, yana lasa yana hawa, har ya kai gindin doka ta baya. Nan hancinsa ya tsaya cak. A ƙarƙashin ƙanshin mai akwai wani ƙanshi, wanda Kurege zai gane ko a cikin kabari yake. Gyaɗa.

Ya sa ɗan yatsa tsakanin kitso biyu, ya ƙwaƙulo, ya kai baki. Tunkuza! Dunƙulen gyaɗar nan da ake matse mai a bari, kafin a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Ashe ba ƙyalle ne a cikin dokar ba. Zabuwa ta ga saƙi sabo, ranta ya biya, ta soke shi a ƙarƙashin fiffike, ta cusa wa Kura curin tunkuza a madadinsa. Wa ke ganin tsakiyar kansa?

Yanzu ku gaya mini, mai hankali me zai yi? Zai sauka ya koma korar ƙudaje. To, Kurege ba hankali ya rasa ba, yana da shi fiye da ku duka. Cikinsa ne ba ya jin magana.

"Gutsure ɗaya kawai," in ji shi.

Ya gutsura. Ya ce gefen nan ya fi wancan tudu, bari ya daidaita. Ya daidaita. Ya buɗa kitso kaɗan don hannu ya shiga. Hannu ya shiga, ya fito, ya shiga, ya fito. Kura tana minshari, shi yana tauna. Bai farga ba sai da yatsunsa suka shafo wayam. Ya ja da baya ya duba. Doka tana lotsawa a hankali, tana kwanciya, tana kwanciya, ƙarshen gashi yana gangarowa, saura ƙiris ya taɓa daɓe.

A daidai nan minsharin ya tsaya.

Kura ta yi miƙa. Kunnenta ya motsa. Hannunta ya taso daga kan tabarma, ya nufi kai.

Kurege ya duba hagu, ba tsumma. Ya duba dama, ba ƙyalle. Ba abin da ke cikin ɗakin nan mai girman curin tunkuza, mai taushinsa, sai abu ɗaya. Ya tattaro gashin, ya cusa kai ta kafar da ya buɗa, zuruf, ya shige. Ya dunƙule, ya naɗe wutsiya, ya turo baya sama. Doka ta miƙe tsaye.

Hannun Kura ya sauka a kansa. Ta shafa. Ta latsa. Ta ƙara latsawa.

"Kai," in ji ta, "har ta fi ɗazu cika. Ga ɗumi."

Ta tashi zaune, Kurege ya tashi tare da ita. Ta miƙe, ɗaki ya juya masa. Ta cikin silin gashi yana hango ƙyaure da turmi, suna nan yadda suke.

"Kurege! Kai ɗan gadi! Fito, aikinka ya yi kyau."

Shiru.

"Fito mana, ɗan albarka, in sallame ka."

Ta ɗaga tabarma, ba shi. Ta leƙa bayan randa, ba shi. Ta kifar da tukunya, ba shi. Sai muryarta ta sauya, ta koma tata ta gaskiya. "Ɓuya ko? Yi ta ɓuya. Ƙyaure a danne yake, bango ba kafa. Da ma ko ka yi gadi ko ba ka yi ba, da kai zan karya kafin in tafi biki. Wa ke rawa da yunwa?"

Kurege ya ji wannan da kunnensa, a kan ƙoƙon kanta yana zaune. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har haƙoransa suka so kaɗawa, ya cije wutsiya ya hana su.

Kura ta fara shinshina. Ta shinshina gabas, ta ce, "Yana nan." Ta juya yamma, ta ce, "A'a, nan yake." Ta zagaya ɗakin, ta sake zagayawa. "Ikon Allah. Duk inda na juya warinsa na bina."

Ga zafi, ga gashi ya shaƙe shi, ga tunkuza ta fara aiki. Cikin Kurege ya yi ƙugi, ƙululu.

Kura ta tsaya cak. "Zabuwa ta ja kitson nan da yawa, har kaina yana ƙara." Ta lalubo tsinken susa a jikin bango, dogo mai tsini, ta soka shi cikin doka. Ya wuce ta gaban hancin Kurege. Ta zare, ta sake sokawa. Ya wuce ta bayan kunnensa. Ta zare, ta soka na uku, ta ja shi a hankali tana lumshe ido don daɗi, tsinin ya bi haƙarƙarin Kurege tun daga kafaɗa har cinya. Hawaye ya zubo masa. Ya ƙara cije wutsiya. In kun ga kurege ku duba gefen cikinsa, farin layin nan yana nan har yau.

Ana cikin haka sai aka yi sallama. Zabuwa ce ta dawo ƙara mai. Kura ta janye turmi kaɗan, ta fizgo ta ciki, ta mayar ta danne.

"Yi a hankali, akwai nama a ɗakin nan, ya ɓuya. Zo ki duba mini kai, nauyi yake yi, kuma yana ƙara."

Zabuwa ta san abin da ta cusa, amma ba damar ƙi. Ta hau kan taɓarya ta bayan Kura, ta sauko da ƙwarya, ta duba doka. Sai ta ga wani gashi ja-ja ya leƙo ta ƙeya, wanda ba ita ta kitsa shi ba. Ta buɗa kitso da baki. Idanu biyu suka zuba mata ido.

Ta buɗe baki za ta yi kururuwa, Kurege ya miƙo hannu ya kama bakin ya rufe. Da ɗayan hannun ya nuna mata fiffikenta, inda bakin ƙyallen saƙi ya ɗan leƙo.

"Me ya faru?" in ji Kura. "Na ji kin yi tsit."

Kurege ya saki bakin. Zabuwa ta ce, "Ba komai, Yaya. Mai ne zai shiga miki kunne. Bari in toshe." Ta ciro auduga ta cusa wa Kura a kunnuwa biyu, ta danna sosai.

Sannan ta sunkuyo. "Kai, don Allah me kake yi a nan? Ina tunkuzata?"

"Tana cikina, ni kuma ina madadinta. Ina ƙyallen Goggo?"

"Zan faɗa mata!"

"Faɗa. Ni loma ɗaya ne, ke uku. In ta gama da ni za ta tambayi abin da ya kawo kurege cikin ƙyalle. Kin taɓa ganin kurege yana cin saƙi?"

Zabuwa ta fara kuka ƙasa-ƙasa. "Wayyo ni. Kaina ne ba gashi, ko biki ban taɓa zuwa da ɗauri ba. Na ce sau ɗaya dai in rufe shi da abu mai kyau."

"Za ki rufe, in kan yana wuyanki. Share hawaye ki ji." Ya raɗa mata abin da za ta yi. Zabuwa ta ɗaga kai ta dubi ragaya, ta dubi 'yar kafar da ke sama, ta gyaɗa kai.

Ta tura jelar Kurege ciki, ta kitse kafar ƙeya tsaf. A can tsororuwar doka kuma ta sassauta kitso biyu, yadda ba mai lura. Ta shafe mai, ta mayar da ƙwarya kan ragaya, ta cire wa Kura auduga.

"Yaya, na gano matsalar. Taɓarya ce. Doka mai girma irin wannan ba a kwantar da ita ko kaɗan, jini ke taruwa a ciki, shi ne nauyin da ƙarar. Matan manya a zaune suke barci. A ɗaure tsororuwar kitso da igiya a sama, in gyangyaɗi ya ja kai ƙasa, igiya ta riƙe. Ba juyi, ba tururuwa, ba ruwanki da ɗan gadi."

"Matan manya?" in ji Kura.

"Su kaɗai. Ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba."

Kura ta washe haƙora. Idonta har yanzu da barci, ga rawa tana jiranta da yamma. Ta zauna daidai ƙarƙashin ragaya. Zabuwa ta samo igiyar rama mai ƙwari, ta zura ta cikin kitso ta kowane gefe, ta tattara, ta ƙulle a gindin ragaya, ƙulli a kan ƙulli. Ta ce a tashi lafiya. Kura ta miƙa ƙafa ta janye turmi, Zabuwa ta fice, Kura ta sake tura shi ta danne. Zabuwa kuwa ko gida ba ta biya ba, ta yanki daji. Shi ya sa har yau ba ta yarda da kowa, kullum tana gudu tana waige.

"Kurege," in ji Kura cikin hamma, "na san kana jina. In na tashi, ni da kai ne."

Kai ya fara rinjaya, igiya ta riƙe. Ya sake rinjaya, igiya ta riƙe. Minshari ya dawo.

Kurege ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya turo hanci ta inda aka sassauta. Hanci ya fita. Kai ya fita. Kafaɗa ta fita. Ciki ya ce shi ba inda za shi. Tunkuza guda ce a ciki, ga man shanu. Ya ja, gashi ya ɗaure, Kura ta yi gurnani. Ya tsaya, rabi a waje rabi a ciki. Da gurnanin ya lafa, ya shafo mai daga gashin ya mulke cikinsa, ya fitar da numfashi duka, ya murɗa, ya murɗa, sulluɓ, ya fito. Ya cusa hannu ya tattaro gashin don kada ya zube, igiya ta riƙe shi a tsaye.

Ya kama igiyar rama ya hau. Ya kama ragaya ya hau. Ga kafa can sama, ga hasken la'asar, har yana jin iskar waje a fuskarsa. Tsakaninsa da ita bai fi tsalle biyu ba.

Amma hanyar ta bi ta gefen ƙwarya.

Na so in ce muku ya wuce. Wallahi na so. Ya ma wuce ɗin, da taku ɗaya. Sai ya tsaya, ya waiwayo. Man ya narke, ya kwanta lumui, rawaya, yana kallonsa.

"Lasa ɗaya kawai," in ji Kurege. "Ta bankwana."

Ya dafa bakin ƙwarya, ya miƙa wuya. Da safe da ya yi haka ba shi da nauyi. Yanzu kuwa da tunkuza a cikinsa. Ƙwarya ta karkata. Ya saki, ya rungumi igiya. Ƙwarya ta yi tunani kaɗan, sannan ta tafi. Ta wuce ta gaban hancin Kura, ta daki daɓe, ƙwal, ta mirgina da gudu ta nufi ƙofa.

Kura ta farka firgigit. Ido da barci, ta ga wani abu ja-ja, ɗan dunƙule, yana gudu zai kai ƙyaure.

"Na kama ka!"

Ta manta da biki. Ta manta da matan manya. Ta manta da igiya. Ta tattara ƙarfinta duka ta daka tsalle.

Ƙiiiii, ɓat!

Yara, ƙarar nan har bakin rafi an ji ta. Kura ta tafi, kitso bai tafi ba. Igiya ta fizgo ta a sama ta sake ta, ta faɗo da ƙugu, tim, ta dafe ƙwarya da hannu biyu. Ta ɗaga, ta ga ƙwarya ce. Sai ta ji iska tana shafa mata tsakiyar kai, wurin da iska ba ta taɓa zuwa ba tun da aka haife ta. Ta kai hannu a hankali. Ta shafo fata, da 'yan tsirarun gashi a tsaitsaye ta bayan wuya.

Ta ɗaga ido. Ga dokarta can tana lilo a gindin ragaya, ita kaɗai, tsaf da ita, kitso ko ɗaya bai warware ba. A samanta ga Kurege, ya riga ya kai bakin kafa, ya leƙo da kai.

Kura ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne wannan kukan nata da kuke ji kamar dariya, wanda ba dariya ba ne.

Kurege ya ce, "Goggo, duba da kyau kafin in tafi, kada gobe a ce na ci amana. Me kika ce mini da safe?"

Kura ta yi tsalle, ƙugu ya ƙi, ta koma zaune.

"Kin ce sili ɗaya kada ya taɓa ƙasa. To ga shi nan. Duba daɓen, ko sili ɗaya kin gani? Yanzu ma ki yi barcinki yadda kike so, ki yi juyi gabas, ki yi juyi yamma, ba abin da zai sami kitsonki. Ni dai na gama gadi, a gai da amarya."

Ya sa kai zai fice, ciki ya sake maƙalewa a kafa. Ƙafafunsa suka yi ta harbin iska, Kura tana ƙasa da baki buɗe tana jira ya faɗo. Jinka ta yi ƙara, ciyawa ta zube, ya murɗa, ya ɓulle. Ya gangara ta bayan ɗaki ya yi ta kansa, bai tsaya ba sai cikin raminsa.

Da yamma aka buga ganga a dandali, mata suka yi ta tambaya ina yayar uwar amarya, mai gashi har gadon baya. Ba ta zo ba. Tana ɗaki, ta ɗauko kallabin nan da ta raina, ta ɗaura a kan da ba komai. Tun daga ranar ba ta ƙara fita da rana ba, sai duhu ya rufa, tana tafe tana jan ƙugu, kai a sunkuye, tana shinshina bakin kowane rami.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege mai maiƙo. Darasin ciki kuwa, in an yi miki kitso da man shanu, kada ki ɗauki mai gadin da yake da harshe. Kallabi ba ya lasa, ba ya gutsura, ba a taɓa kama shi da tunkuza a baki ba. Hansai, ɗaura shi ki je ki kwanta, ragayata tana nan kuma ina da igiya.